An gayyace ka mashayar giyar inabi ta unguwa a Paris: tambayoyi da amsoshi

Duk shekara idan Satumba ta kama, sababbin ɗalibai da ma'aikata suka sauka daga Yamai, Damagaram, Maraɗi ko Kano, ba a rufa wata guda sai wayata ta fara ƙara da tambaya iri ɗaya: "Yaya, abokan aiki sun ce mu haɗu a bar à vin bayan an tashi, me ake yi a can?" Ni ba na sha. Amma shekarun da na yi ina aiki a birnin nan sun sa na san cikin waɗannan wurare fiye da yadda na yi niyya. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da abin da nakan ce.

Wane irin wuri ne, mashaya ce ko gidan abinci?

Cire hoton gidan rawa daga ranka tukuna. Yawancinsu ɗaki ɗaya ne, wanda in mutum 30 suka shiga sai an riƙa karkacewa kafin a wuce. Akwai kanta mai rufin ƙarfe, da 'yan tebura ƙanana da gwiwarka ke gogar ta maƙwabcinka, sai kwalabe jere a bango har rufi, kowace an rubuta mata farashi a jiki da farin alƙalami. Takardar jerin abinci ba lallai a kawo maka ba. Akwai baƙin allo da aka rubuta abincin ranar da alli, mai wurin ya ɗauko shi ya jingina a kujerar kusa da ku, in wani abu ya ƙare ya goge da yatsa. Kiɗa in akwai ma ƙasa-ƙasa ne. Abin da ke cika kunne hira ce.

Wanda ya san fada a Damagaram ko majalisa a Kano zai gane tsarin nan take: fuskoki ɗaya kullum, kowa da inda yake zama, mai wurin ya san wanda matarsa ta haihu da wanda aka sallama daga aiki. Bambancin, kwalba ce ke zagayawa a maimakon butar shayi, kuma bambancin ba ƙarami ba ne ga irinmu.

Akwai wani nau'i da suke kira cave à manger, wato kantin sayar da giyar inabi da ya ajiye tebura. Le Verre Volé da ke titin Lancry, kusa da Canal Saint-Martin, yana cikin waɗanda suka yi suna da wannan salo tun shekarar 2000. A irin waɗannan sau da yawa za a ce ba a zuba wa kowa sai ya sayi abinci. Ba rowa ba ce, lasisin gidan abinci gare su, shi kuma bai yarda a sayar da barasa ba sai tare da ci.

Daga ina al'adar ta samo asali?

Daga 'yan ci-rani. A ƙarni na 19 talakawan yankin Auvergne da Aubrac na tsakiyar Faransa, masu duwatsu da sanyi, suka riƙa kwararowa Paris suna ga-ruwa, suna hawa benaye da bokitai. Da famfo ya shiga gidaje sana'ar ta mutu, sai suka koma sayar da gawayi da itace. Miji yana yawon kai gawayi, mata tana kanta tana zuba wa leburori giya, a ƙofa an rubuta "Vins et charbons", giya da gawayi ke nan. Ana ce musu bougnats, kuma har yau gidajen shan kofi da yawa a Paris na hannun jikokinsu.

Abin da ya sauya shi ne yawan shan. A farkon shekarun 1960, in an raba, kowane Bafaranshe na shan sama da lita 100 ta giyar inabi a shekara. Yanzu abin ya sauko wajen lita 40. Sai a 1956 ma aka hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 14 giya a ɗakin cin abinci na makaranta. Mashayar unguwa ta yau 'yar wannan sauyin ce: a sha kaɗan, a biya da tsada, a yi ta surutu a kansa.

Ni Musulmi ne. Ya halatta in je?

Ni ba malami ba ne, kuma ba zan yi maka fatawa don in wanke kaina ba. Haramcin giya ba abin muhawara ba ne, kuma akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito wanda ya hana mai imani zama a teburin da ake zagayawa da giya. Malamai da yawa a kan wannan suka tsaya. Akwai kuma masu sassautawa ga wanda larurar aiki ta kai shi, in ba zai sha ba, ba zai zuba wa kowa ba, ba zai saya wa kowa ba. Ka tambayi malamin da ka amince da iliminsa, wanda kuma ya san yadda zaman ƙasar nan yake.

Abin da zan iya shaida a kai shi ne ƙin zuwa ba ya kashe mutum. Ina da abokin aiki ɗan Senegal da bai taɓa taka ƙafarsa ba, shi dai yakan ce mu ci abincin rana tare gobe, kuma an ƙara masa girma kafin ni. Ni nakan je in ana sallamar wani ko an kammala babban aiki, in yi awa guda in fito. Da azumi kam ko ta ƙofar ba na bi. 'Yan'uwanmu Hausawa Kirista da ke nan su ma ba bakinsu ɗaya ba, wasu na taɓawa, wasu cocinsu ya hana.

To idan na je, me zan sha?

Doka na tare da kai. Kowace mashaya a Faransa wajibi ne ta jera aƙalla kwalabe 10 na abin sha marar barasa inda ido zai gani, kuma in ta yi rangwamen giya na yamma, dole ta yi rangwame a kan marar barasa ma. Ruwan famfo kyauta ne ga mai ciniki. Ka ce "une carafe d'eau", a kawo maka a tulun gilashi. In ka ce ruwa kawai, wasu za su buɗe maka na kwalba su saka a lissafi.

Ƙananan wuraren nan sukan ajiye ruwan 'ya'yan itace na manoma, mai kauri, wanda ya fi na kwali nesa ba kusa ba: na tuffa, na inabi, na abricot. Akwai Perrier, ruwan kwalba mai kumfa, da yankan lemun tsami, akwai citron pressé da za a matse maka lemun a kawo sukari da ruwa ka haɗa da kanka, akwai diabolo menthe, lemun kwalba da na'a-na'a, kore shar, wanda yara ke sha amma babu mai hana babba.

Yanzu ga tarkunan. Watana na biyu a garin nan na ga kwalba da hoton tuffa, an rubuta cidre, na nuna ta da yatsa cike da jin na iya. Aka zuba, kumfa ta taso, launin kamar na zuma. Sai da na kai kofin kusa da hanci na ji wani tsami irin na kunun da ya kwana biyu, na tsaya. Wata dattijuwa da ke gefena a kanta, da ƙaramin karenta kwance kan ƙafarta, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Monsieur, kun san da barasa a ciki ko?" Allah ya saka mata. Cidre giyar tuffa ce. Panaché giya ce da lemo. Monaco ita ce dai aka ƙara mata jan siro har ta yi kama da zoɓo. Kir farar giyar inabi ce da aka rina. Pét-nat kuwa, duk da kumfarsa da marfin kwalbar lemo da ke kansa, giyar inabi ce cikakkiya.

Wanda aka rubuta wa "sans alcool", wato marar barasa, fa?

Karanta ƙananan rubutun. A dokar Faransa giyar sha'ir na iya ɗaukar wannan suna tana da barasa har kashi 1.2 cikin 100. Giyar inabin da aka cire wa barasa kuma an yarda ta kai kashi 0.5. Mai son fita daga shakka ya nemi wadda aka buga wa 0,0%. Kombucha, wani shayi mai tsami da ya cika wuraren nan yanzu, shi ma ta hanyar ruɓawa ake yin sa, don haka yakan ɗauki ɗan burbushi. Ni dai na tsaya a ruwan tuffa, hankalina kwance.

Abinci fa? An ce komai alade ne.

Ba komai ba, amma wanda ya faɗa maka bai yi nisa da gaskiya ba. Sarkin teburin shi ne planche, katako da aka shirya yankakken abu a kai a ajiye tsakiya kowa ya sa hannu. In an ce charcuterie, alade ne daga wannan gefe zuwa wancan: jambon, saucisson, coppa, chorizo, boudin noir da ake yi da jini. In an ce mixte, an haɗa naman da cuku a katako ɗaya, suna taɓa juna, wuƙa ɗaya. Ka roƙi naka cukun a faranti dabam, ba wanda zai ɗaga gira.

Waɗanda suka fi yaudara su ne masu sunan wata dabba. Terrine ko pâté na agwagwa, na zomo, na hantar kaza, kusan kullum da kitse ko naman alade ake haɗa su, wani lokaci har da cognac. Rillettes in ba a faɗi na mene ne ba, na alade ne. Lardons ƙananan yankan naman alade ne da ke ɓuya cikin salak, cikin waken lentilles, cikin ƙwai. Ko da an ce sa ne zalla ko rago, ka san ba yankan Musulunci ba ne sai in an rubuta.

Abin da ya rage ba kaɗan ba ne, kuma a ganina shi ya fi daɗi. Sardin na gwangwani, wanda a gida muke ɗauka abincin ɗan makarantar kwana, a nan ana kawo shi cikin gwangwaninsa a buɗe, da man shanu mai gishiri da burodin da aka gasa, kuma wallahi ya cancanci kuɗinsa. Akwai dafaffen ƙwai da mayonnaise, akwai poireaux vinaigrette, wani ɗan'uwan albasa mai dogon wuya da ake dafawa ya yi laushi a kwarara masa khal da mai. Akwai zaitun, da houmous, da gasasshen kayan lambu, da burrata, wani cuku mai fashewa da madara in an sa mata cokali. Lokacin sanyi akwai kawa, wata halittar teku mai ɓawo. A Le Baron Rouge, gefen kasuwar Aligre, ranakun Asabar da Lahadi ana ɓare ta a bakin ƙofa, mutane na tsaye kan titi sun ɗora farantai a kan ganguna. Ɗanya ake haɗiye ta da lemun tsami. Na gwada sau ɗaya, na ce a kai kasuwa.

Wani abu da ya kamata ka sani: tun 2015 doka ta tilasta wa masu abinci su rubuta abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, irin su gyaɗa, madara da ƙwai. Alade da barasa ba sa ciki. Saboda haka bakinka ne kariyarka, ka tambaya ko akwai alade ko barasa a ciki: "Il y a du porc ou de l'alcool dedans ?" A ƙaramin wuri wanda ka tambaya sau da yawa shi ya dafa, ko kuma zai leƙa ta taga ya tambayi mai dafawar. Mai tambaya ba ya ɓata.

Sun ce giyar da aka dafa abinci da ita tana ƙonewa.

Haka kowa ke faɗa, har masu girkin. Alƙaluman da ma'aikatar noma ta Amurka ta fitar sun nuna ba haka ba ne: bayan minti 15 a wuta kusan kashi 40 cikin 100 na barasar na nan, bayan awa ɗaya kashi 25, bayan awa biyu da rabi kashi 5. Wanda ake kunna wa wuta ya yi bal-bal a gaban mutane ma ya fi riƙewa. Ke nan ka kula da bœuf bourguignon, coq au vin, moules marinières da yawancin risotto, don da giya ake dafa su. A kayan zaƙi ka kula da baba au rhum, wanda a jiƙe yake sharkaf, da tiramisu.

Cuku duk lafiya?

Yawancin manyan cukun Faransa, su Comté, Camembert de Normandie, Saint-Nectaire da Roquefort na madarar tumaki, ana daskarar da su ne da présure, sinadarin da ake samu daga tumbin ɗan maraƙi ko ɗan rago. Malamai sun saɓa a kansa tun da daɗewa, kowa ya bi mazhabarsa. Wanda za ka fi kaucewa shi ne irin Époisses, da ake wanke bayansa da barasa mai ƙarfi lokacin da yake nuna. Warinsa kaɗai zai sanar da kai ya iso, daddawa ba ta kama ƙafarsa ba.

In aka ɗaga kofuna ana gaisawa, ya zan yi?

Yawancin mutane sukan ɗaga abin da ke hannunsu ko ruwa ne, a haɗa ido, a ce "santé", wato lafiya. In zuciyarka ba ta kwanta da hakan ba, murmushi ya wadatar. "Je ne bois pas", ba na sha, jimla ce cikakkiya, kada ka bi ta da dogon bayani ko ƙaryar ciwon ciki. Cikin mutum goma, tara za su ce to su wuce. Na goman, wanda zai ce ɗanɗana kawai, yawanci shi ne wanda ya riga ya yi nisa.

Me suke ta tattaunawa a kan kwalba ɗaya har minti goma?

Galibi vin nature ne, giyar da aka yi daga inabin da ba a fesa wa maganin zamani ba, ba a kuma ƙara mata komai ba sai ɗan sulfur ko ma babu. Harkar ta taso ne daga yankin Beaujolais, inda manoma irin su Marcel Lapierre na ƙauyen Morgon suka bi koyarwar wani masanin giya mai suna Jules Chauvet a shekarun 1980, kuma ƙananan mashayun Paris ne suka yi mata kasuwa. Za ka ji ana cewa wannan tana ƙanshin ƙasa, waccan tana ƙanshin garke, kuma yabo ake nufi. Kada ka yi dariya, mu ma mukan yi gardama a kan kilishin wane gari ya fi.

Kwalba santilita 75 ce, tana ba da kofi shida. In an ɗauko ta daga bango za a sha a wurin, ana ƙara droit de bouchon, kuɗin buɗe kwalba, a kan farashin da ke jikinta. Ranar Alhamis ta uku ga Nuwamba kuma ake fito da Beaujolais nouveau, sabuwar giyar shekara. Ranar ko'ina cike yake, hayaniya ta ninka. In kana da zaɓi, ba ranar zuwanka ba ce.

Yaya ake biyan kuɗi?

Nan ne na taɓa ƙonewa. Mu takwas ne a wani wuri da ba zan ambata ba. Na ci ƙwai da sardin, na sha ruwan tuffa kofi biyu. Su kuwa kwalba ta bi kwalba har biyar. Da takardar ta zo wani ya ciro waya ya ce a raba takwas kawai, ya fi sauƙi. Kunya irin tamu ta rufe mini baki, na miƙa kati, na biya kusan ninki uku na abin da na ci, kuma mafi yawansa kuɗin giyar wasu. A jirgin ƙasa na komawa gida ba asarar kuɗin ce ta fi damuna ba.

Tun daga ranar nake faɗa tun kafin a zauna, da fara'a: zan biya nawa dabam. Ba abin kunya ba ne a nan. Mai wurin yakan zagayo da na'urar kati, kowa ya faɗi nasa, ko ka je kanta ka lissafa abin da ka ci. Ba a kawo takardar sai an nema, don ba sa son a ce sun kori baƙo. Ka ce "l'addition, s'il vous plaît". Kuma kada ka kira sabis da "garçon", wato yaro, ko ka tafa masa hannu ko ka yi masa tsaki irin na kiran mai talla.

Ka kuma daina juya farashi zuwa sefa. Yuro ɗaya sefa 656 ne, kofin ruwan tuffa na Yuro 5 ya kama sefa 3,280. In ka ci gaba da wannan lissafi ƙishirwa za ta kashe ka.

Ana ba da tukuici?

Ladan hidima na cikin farashin da aka rubuta. In ka ji daɗi ka bar Yuro ɗaya ko biyu a faranti. In ba ka bari ba, ba wanda zai bi ka da ido.

Ina sa ɗankwali ko hijabi. Za a hana ni shiga? Yara fa?

Ƙanwata, babu dokar da ta hana. Ta 2004 makarantun gwamnati ta shafa, ta 2010 kuma rufe fuska ta hana a bainar jama'a, ba rufe kai ba. Kallo dai kina iya samu, ya danganta da unguwa. Yara 'yan ƙasa da shekara 16 ba a karɓarsu a mashaya sai tare da babba, kuma tun 2009 ba a sayar wa ɗan ƙasa da 18 barasa kowace iri. Taba an hana sha a ciki tun Janairun 2008, shi ya sa duk hayaƙin ya koma teburan waje. Mai asma ya zauna ciki.

Sai an kama wuri tun da wuri?

Ƙanana da yawa ba sa karɓar ajiyar tebur, wanda ya riga zuwa shi ke zama. Sukan buɗe wajen ƙarfe 5 ko 6 na yamma, abinci mai zafi ya fara wajen 7, kafin 8 da rabi an cika. Da yawa na rufe Lahadi da Litinin, a watan Agusta kuma sai ka tarar da takarda manne a ƙofa, mai wurin ya tafi hutu mako uku. Da ka shiga ka ce "bonsoir" da ƙarfi yadda na bayan kanta zai ji. Bafaranshe na riƙe rashin gaisuwa kamar yadda dattijon Bahaushe ke riƙe shiga gida ba sallama.

Abokina ya sha kofi uku, ya ce zai sauke ni a mota.

Kada ka shiga. Iyakar doka ita ce giram 0.5 na barasa a litar jini, wanda kofi biyu kan iya kai mutum, ga sabon direba kuma 0.2 ce tun 2015, wato ko kofi ɗaya ya yi yawa. In kana da lasisin da ke aiki a nan kuma inshorar motar ta yarda, karɓi makullin. Wannan ne ma ya sa wasu ke murna in sun ji ba ka sha.

Yaushe ake tashi?

Yawancin ƙananan kan fara kife kujeru wajen sha biyun dare, ko da yake dokar birnin ta ba mashaya har ƙarfe 2. Kai ba sai ka jira ba. Lokacin da ya fi dacewa ka miƙe shi ne da an share katakon farko, kafin a yi maganar kwalba ta uku, don daga nan hirar takan fara maimaita kanta. Ka biya naka a kanta, ka yi wa mai wurin godiya, ka bi teburin da sallama ɗaya bayan ɗaya. Jirgin metro na ƙarshe yana isa tasharsa ta ƙarshe wajen 1:15 na dare, Juma'a da Asabar kuma wajen 2:15, ke nan a tsakiyar gari yana wucewa tun kafin haka. In ya kuɓuce maka akwai motocin bas na dare, lambobinsu na farawa da N, suna tashi daga Châtelet a tsakiyar gari da manyan tashoshin jirgin ƙasa har asuba.